Tagogi Ashirin da Uku a Kwamfutar Yaya

Tun da Oga ya tsaya a bayan kujerar Auta yana jan tsaki, ta san wata fitinar ta taso. Mutumin nan duk tsakin da ya ja, sai wani ya kwana biyu yana gyaran abin da bai lalace ba.

"Mene ne wannan?" ya ce, yana dungurar fuskar kwamfutarta da gindin biro.

"Manhajar kiran layi ce, Oga. Ta asibitin nan."

"Na san manhaja ce, ba makaho ba ne ni. Wannan ƙaton firam ɗin da ya zagaye ta nake tambaya. Ga kai a sama kamar allon shagon aski, ga baki ta ko'ina. Cire shi. Taga nake so fes, ba baki ba kai."

Auta ta so ta ce masa masu zama a ɗakin kati ba kallon kwalliya suke zuwa yi ba, amma ta haɗiye. Shekararta biyu a wannan kamfani mai ma'aikata bakwai da fanka ɗaya mai ƙugi, ta riga ta gane cewa Oga zane ya karanta, bai san kan rubutun manhaja ba, kuma duk wanda ya yi masa bayani sai ya ɗauka zaginsa aka yi.

Kafin a tashi aiki ta cire firam ɗin. Taga ta yi kyau kuwa, wannan ba za a hana ta ba. Sai da Auta ta kai ido layin nan na ƙasan allo, inda duk abin da aka buɗe a kwamfuta yake ajiye 'yar alamarsa don a same shi idan ya shige bayan wani, sannan ta ga wayam. Manhajar tana buɗe, tana aiki, amma ba ta da alama a layin.

Ta san dalili. Kwamfuta ma tana da nata son kai. Tagar da ta zo da firam ita take ɗauka cikakkiyar baƙuwa, ta ba ta wurin zama a layin ƙasa. Wadda ta zo ba firam kuwa, sai ta lissafa ta da 'yan ƙananan bayanan nan masu leƙowa su ɓace, ko sunanta ba ta rubutawa. Gyaran ba wani abu ba ne. Sai dai a gaya mata ɓaro-ɓaro, a layi biyu ko uku na rubutu, cewa wannan ma cikakkiyar taga ce, a ba ta wurinta.

"Oga, alamar ta ɓace daga layin ƙasa."

"Ya ma fi tsabta. Jibi za a kai musu, kar ki taɓa komai."

Ta rubuta "layin ƙasa" a 'yar takarda ta liƙa a gefen allo don ta tuna. Washegari fanka ta hure takardar ta faɗa bayan tebur, shi ke nan maganar ta bi ta.

Asibitin nan kuwa ba wani ba ne illa inda yayarta take aiki. Yaya ita ce babba a gidansu, ta girmi Auta da shekara goma sha tara, kuma shekararta ashirin da huɗu a kanta ta ɗaya ta ɗakin kati, wato teburin farko na karɓar marasa lafiya, ba a taɓa kama ta da kuskuren harafi ɗaya ba. Ita ta riƙe gidan lokacin da Baba ya fara mantuwa, ya dinga kiran matarsa da sunan ƙanwarsa, har ya rasu bai san 'ya'yansa ba. Ita ta goya Auta, ita ta yi mata kitso, ita kuma ta rene ta da baki mai yanka kamar reza. Tun Auta tana 'yar shekara goma sha huɗu, ranar da ta raka Inna ganin likita ta fita sayen ruwa, ta haɗu da ƙawarta ta wuce gida ta bar tsohuwa a benci har rufe asibiti, Yaya ta raɗa mata suna Uwar Mantuwa. Yau shekara goma sha takwas ke nan, sunan bai tsufa ba. A gaban surukai take kiranta da shi, a gaban baƙi, har ranar da Auta ta karɓo digirinta.

Akwai kuma maganar akwatin maganin Inna, wani ɗan akwatin roba mai gida bakwai, kowane gida da ranarsa. Duk Asabar Yaya take zama ta zuba ƙwayoyin mako, fari biyu, ja ɗaya, rabin shuɗi. Sau ɗaya tak Auta ta miƙa hannu ta ce bari ta taya ta.

"Ke? Ki taɓa maganin Inna? Ai gara in bar shi a buɗe yara su zuba."

An yi dariya a tsakar gida, har da Inna. Auta ma ta yi, amma ba ta manta ba. Mutane suna ce mata mai mantuwa, ita kuwa ta san akwai abubuwan da ta riƙe tsaf.

Ranar da ta je saka manhajar, Yaya ba ta ko ɗaga kai daga katunan da take jerawa ba.

"Au, ke suka turo? To jama'a, kowa ya riƙe katinsa da kyau, Uwar Mantuwa ta zo gyara mana aiki."

'Yan matan kanta ta biyu da ta uku suka tuntsire da dariya. Auta ta cije leɓe, ta saka manhajar a kwamfutoci uku, ta yi musu bayani murya a daƙile. Ana danna wannan maɓalli, lasifika ta kira lamba ta faɗi kantar da za a je. Idan mai lambar ya zo, a danna "ya iso". Idan aka bar manhajar minti biyar ba a taɓa ta ba, ita da kanta za ta kira lamba ta gaba, in kuma ba a danna "ya iso" ba ta soke mutumin ta wuce. Wannan ma dabarar Oga ce, wai don kada ma'aikata su zauna hira layi ya tsaya.

Sati bai cika ba ɗakin kati ya zama kasuwa. Da safe komai lafiya lau. Rana na ɗagawa sai lasifika ta haukace. Yaya tana tsakiyar duba katin mai lamba arba'in, sai a ji "lamba arba'in da ɗaya, kanta ta ɗaya", kafin ya taso a ji "lamba arba'in da biyu, kanta ta ɗaya", mutum biyar su tsaya a gabanta kowa yana kaɗa takardarsa. Wanda ya fita fitsari ya dawo ya tarar an soke shi. Kanta ta biyu da ta uku shiru kake ji. Duk haukan nan da sunan kanta ta ɗaya yake fitowa.

Ranar Talata ta biyu wayar Auta ta yi ƙara tana cin abincin rana. Yaya ce, wadda ba ta kiranta sai in aike ne.

"Ki zo ki duba min abin nan naku."

Ta je. Ɗakin ya ɗan yi sauƙi, mai shara yana goge inda wani yaro ya yi amai, 'yan matan nan biyu sun fita. Yaya ta matsa mata a kujera ba tare da ta kalle ta ba. Auta ta buɗe jerin abubuwan da ke aiki a ɓoye a cikin kwamfutar. Manhajar kiran layi, manhajar kiran layi, manhajar kiran layi, tun daga sama har ƙasa. Ta ƙirga da ido. Ashirin da uku.

Nan take ta gane komai. 'Yan matan can manhajar kiran kaɗai suke buɗewa, su bar ta a gabansu su koma kan wayoyinsu. Yaya kuwa duk wanda ya zo sai ta buɗe babban kundin marasa lafiya ta duba tsohon katinsa, ta tabbatar da harufan sunansa da maganin da jikinsa ba ya so. Kundin nan yana cike allo gaba ɗaya ya rufe tagar kira. In ta gama sai ta duba layin ƙasa, kamar yadda ta saba shekara da shekaru, ta ga babu alama. A sanin Yaya, kuma saninta daidai ne, abin da ba ya layin ƙasa a rufe yake. Sai ta sake buɗe sabuwa. Tsohuwar tana nan a baya tana lissafin mintinta biyar, tana kiran mutane tana soke su. Da yamma a kashe kwamfuta duk su mutu, da safe a fara tas.

Laifin na Auta ne, ita da takardarta da ke bayan tebur. Ba ta da ko tantama.

"Akwai wani abu kuma," in ji Yaya. Muryarta ta yi ƙasa, irin yadda Auta ba ta taɓa ji ba. "In zan tashi da yamma, ina rufe abin sai in gan shi a buɗe. In sake rufewa, in sake ganinsa. Har sai in rasa ko na rufe ɗin ko zuciyata ce ta raya min."

Auta ta san wannan ma. Tagogin sun hau kan juna ne daidai wa daida, ana rufe ta sama ta ƙasa ta bayyana, iri ɗaya sak.

Yaya ta waiga ta tabbatar mai shara ya yi nisa.

"Auta, ki gaya min tsakani da Allah. Ni ce, ko na'urar ce? Kin san Baba ma haka ya fara. Da safe ras yake, rana na yi sai ya rikice."

Ga dama ta zo har gida. Kalma biyar za ta faɗa, "laifina ne, ba naki ba", a wuce wurin. Amma Auta ta dubi fuskar nan da ta shekara goma sha takwas tana yi mata dariya a gaban mutane, ta ga tsoro kwance a cikinta, sai wani daɗi mai ɗaci ya taso mata tun daga ciki. Wallahi daɗi ta ji. Hannunta yana kan linzamin kwamfuta, tana kashe tagogin nan ɗaya bayan ɗaya ba tare da Yaya ta lura ba.

"To, ni dai ban sani ba, Yaya," ta ce. "A kanta ta biyu da ta uku lafiya take aiki. Manhaja ɗaya ce kuma."

Yaya ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta ce mata Uwar Mantuwa ba ranar, har ta fita.

A ofis ta gaya wa Oga gaskiya, don shi ba ta jin komai a kansa. Ya tashi ya rufe ƙofa.

"Wa kika gaya wa?"

"Ba kowa."

"Madalla, ashe kina da hankali. Ki gyara shiru. Ƙarshen wata in za mu tura musu sabon zubi sai ya tafi a ciki. Asibiti uku ke jiran su ga yadda wannan ya yi kafin su ba mu aiki. In kika buɗe baki, ki haɗa da kwashe kayanki daga teburin nan."

Minti goma gyaran ya ɗauke ta. Ta rubuta layin da ke gaya wa kwamfuta ta ba tagar wurinta a layin ƙasa, ta ƙara wani da zai hana manhajar buɗuwa sau biyu, in an sake danna ta sai dai ta farko ta fito gaba. Ta gwada. 'Yar alama shuɗiya ta fito ta zauna daram a ƙasan allo. Ta kwafi gyaran a filashi, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ta jefa a jaka. Asibitin tafiyar minti ashirin ne a mota, kuma ba wanda zai tambaye ta don ta shiga ta taɓa kwamfutar yayarta.

Ba ta je ba. Ran nan ta ce gobe. Gobe ta yi ta ce bari Yaya ta ɗan ɗanɗana na kwana biyu, ta ji yadda ake ji in ana kallon mutum ana girgiza kai. Kwana biyu suka zama mako. Filashin yana cikin jakarta tare da makulli da man leɓe, tana jin shi duk lokacin da ta sa hannu neman canjin mota. Da Manajan asibitin ya bugo wa Oga yana tambaya ko matsalar daga manhaja ce, a gabanta aka yi wayar.

"Haba ranka ya daɗe, kanta uku, manhaja ɗaya, biyu lafiya ɗaya ba lafiya. Ai kai ma ka san inda za ka duba. Ga ma injiniyar da ta rubuta ta nan, ƙanwar matar ce, ta je ta duba da kanta. Ko ba haka ba?"

Ya miƙo mata wayar.

"Haka ne, ranka ya daɗe," in ji Auta.

Ranar Alhamis ta ƙarshen wata abin ya fashe. Auta ba ta nan, mai shara ne ya ba ta labari daga baya, yana yi yana tafa hannu. Wani mutum ya kawo mahaifinsa tun da sassafe, tsoho mai ciwon suga, suna riƙe da lamba sittin da uku. Lasifika ta kira su lokacin da ɗan ya kai tsohon banɗaki, ta soke su, suka koma suka zauna suna jiran kiran da ya riga ya wuce. Sai bayan awa uku tsohon ya sulale daga benci. An ɗauke shi an yi ciki da shi, ya kuma farfaɗo, amma ɗan ya dawo ɗakin kati idonsa jawur, ya daki gilashin kanta ta ɗaya da tafin hannu har ya tsage.

"Ke tsohuwar banza! In kanki ya taɓu ki je gida ki zauna mana! Sai kin kashe wani?"

Ɗaki ya ɗauka. Wata ta ce ai kullum haka take yi, wani ya ce a kira Manaja, wata ta ce dama irin waɗannan ba sa son barin kujera sai an ɗauke su da ita. Yaya, wadda bakinta bai taɓa mutuwa a gaban kowa ba, ta zauna hannuwanta a cinya. Kafin a tashi aiki takarda ta fito. Daga Litinin an mayar da ita ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli da ke bayan wurin wanki, inda ba kwamfuta ba mutane, kuma ana ba ta shawara ta ga likitan ƙwaƙwalwa.

Litinin ɗin nan dai ita ce ranar da Oga ya tura sabon zubi. Aka zaunar da wata sabuwar ma'aikaciya a kanta ta ɗaya, ta kunna kwamfuta, alama shuɗiya ta fito a layin ƙasa, lasifika ta yi ta kiran lambobi ɗaya bayan ɗaya cikin natsuwa har yamma. Manaja ya bugo yana godiya, ya ce ashe dai gaskiyar Oga ce, ana canza matar komai ya daidaita. Oga ya ajiye waya ya yi wa Auta babban yatsa. Ita kuwa ta tashi ta shiga banɗaki ta daɗe tana wanke hannun da ba abin da ya taɓa.

Ranar Asabar da hantsi ta je gidan Yaya, inda Inna take zaune tun rasuwar Baba. Tun daga ƙofar kicin ta fara ganinsu. 'Yan takardu ne fari, an yanka su daidai, an liƙa da salatif, da rubutun Yaya mai kyau kamar na inji. A jikin murhun gas: "Kin kashe?" A ƙofar waje: "Makulli. Waya. Tabarau." A jikin firji an jera sunayen jikokinta uku, kowanne da shekarunsa a gefe.

Inna tana barci a ɗaki. Yaya tana zaune a falo, akwatin maganin nan mai gida bakwai a kan tebur a gabanta, kwalaben a jere, ba ta buɗe ko ɗaya ba. Ta rame a cikin kwana tara. Ɗankwalinta ma a karkace yake, ita da ba ta yarda ko mayafin wani ya karkace a gabanta.

"Zauna, Auta."

Ta zauna a bakin kujera.

"Na yi awa ɗaya a nan ina kallon kwalaben nan. Na san fari biyu ne, ja ɗaya, rabin shuɗi. Na sani. Amma can ma ai na ɗauka na sani." Ta tura akwatin zuwa gaban Auta da yatsu biyu. "Daga yau ke za ki riƙa zubawa. Baban yara ya karɓo min ranar ganin likita, Laraba. Kafin nan ba zan taɓa maganin Inna ba. Na yi miki dariya shekara da shekaru a kan mantuwa, ga shi Allah ya nuna min. Ki yafe min."

Abin da Auta ta shekara goma sha takwas tana jira ke nan. Ga akwatin a gabanta, ga Yaya tana neman gafara da bakinta. Ta sa hannu ta ɗauka, roba ce mara nauyi, murfin Talata ya ɗan tsage. Sai ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, irin wadda ba ta taɓa ji ba ko ranar da ta bar Inna a benci.

Ta ajiye akwatin. Ta buɗe jaka ta lalubo filashin ta ɗora a kan tebur kusa da kwalaben.

"Yaya, ƙalau kike. Ba abin da ya sami kanki."

"Kar ki lallashe ni, ba na so."

"Ba lallashi ba ne. Manhajar ce. Ni na cire mata firam, alamarta ta ɓace daga layin ƙasa. Duk lokacin da kika duba ba ki gan ta ba kika sake buɗewa, tsohuwar tana nan a ɓoye tana kiran mutane. Daidai kika yi, kowa ya san aikinsa haka zai yi. Ranar da na zo, guda ashirin da uku na tarar. Wadda kike rufewa kina sake gani, ba ɗaya ba ce, jere suke a kan juna. Ranar da aka cire ki aka tura gyaran, shi ya sa komai ya daidaita."

Yaya ta zuba mata ido. Agogon bango yana ta tafiya, a waje wani yana ta danna hon.

"Sake faɗa," ta ce.

Auta ta sake faɗa, wannan karon a hankali, har da yadda kundin yake rufe tagar. Yaya tana saurare, idonta a kan filashin. Auta ta ga lokacin da abin ya zauna mata, don kafaɗunta sun sauka, ta ja wani dogon numfashi, ta rufe ido leɓunanta suna motsi. Da ta buɗe idon, tsohuwar Yaya ce ta dawo, sai dai ba irin dawowar da Auta ta zata ba.

"Ranar da kika zo. Talatar nan da na kira ki."

"E."

"Ranar da na tambaye ki ni ce ko na'ura. Na ambaci Baba."

"E, Yaya."

"Kin riga kin gani a lokacin."

"Na gani."

"Wannan abin kuma," ta nuna filashin da haɓa, "tun yaushe yake jakarki?"

"Tun ranar. Oga ya ce in na faɗa zai kore ni."

"Ban tambaye ki Oga ba. Oga ne ya hana ki tsayawa a hanya ki saka min shi ba wanda ya sani?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Daga Talatar nan zuwa yau kwana nawa?"

"Ban ƙirga ba."

"Goma sha takwas," in ji Yaya. Ta faɗe shi ba tare da ta duba kalanda ba. "Kwana goma sha takwas ina kwanciya ina karanta sunayen jikokina don in ji ko akwai wanda ya zube. Na rubuta wa Baban yara inda takardun gida suke. Na ce wa 'yata kar ta ƙara bar min jariri ni kaɗai."

Auta ta fashe da kuka. Ta so Yaya ta zage ta, ta ce mata shashasha, ta ce mata Uwar Mantuwa, ta ɗaga hannu ta kwaɗa mata mari ma in ta ga dama. Da duk ta ɗauka da godiya.

Yaya ta miƙe ta gyara ɗankwalinta. Ta shiga kicin, Auta tana jin ƙarar salatif ana ɓamɓarowa, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ta dawo da takardun a dunƙule ta zuba a kwandon shara. Sannan ta zauna ta jawo akwatin gabanta, ta buɗe gidajen bakwai, ta fara zubawa. Fari biyu, ja ɗaya, rabin shuɗi. Sai da ta rufe murfin ƙarshe ta ɗago.

"Ranar Litinin ƙarfe takwas Manaja yake shiga ofis. Za ki zo da wannan abin naki, ki buɗe tsohuwar manhajar a gabansa da gaban 'yan matan nan, ki nuna musu ashirin da ukun kamar yadda kika gan su. Mutumin da ya fasa gilashi ma ina da lambarsa a kati, za ki kira shi. Abin da Oganki zai yi miki, wannan tsakaninku ne."

"Zan zo, Yaya. Wallahi zan zo. Yaya, don Allah..."

"Inna tana barci, kar a tashe ta." Ta tashi ta je ta buɗe ƙofar waje ta riƙe, ta tsaya a gefe kamar yadda take yi wa mai karanta mita. "Mun gode da bayani, Malama Injiniya. Allah ya kai mu Litinin."

Auta ta ɗauki jakarta da filashin. A bakin ƙofa ta tsaya, ko za a ƙara wata kalma. Takarda ɗaya ta rage a jikin ƙofar, wadda aka rubuta makulli da waya da tabarau. Yaya ta sa farce ta ɓamɓare ta, ta jira Auta ta fita, ta mayar da ƙofa ta murza makulli.